Habu Baduku Ya Daina Gardama

Kai mai jar hula, na ji abin da ka faɗa, ni ba kurma ba ne. Ka ce aikin tafinta ya mutu, wai yanzu sai ka ɗora salula a kan takarda ta juye maka Ingilishi zuwa Hausa kafin shayinka ya huce. To madalla. Ku matsa mini in zauna, ku zuba mini na biyu, na farkon nan naku ɗaci gare shi kamar maganin zazzaɓi. Tun da kun taɓo sana'ata a gabana, yau sai kun ji ta, ko kuna so ko ba ku so.

Ni ban koyi Ingilishi a lakol, wato makarantar boko, ba. A lakol Faransanci aka ɗura mana da bulala kamar kowa a Damagaram. Ingilishi a bakin tasha na same shi, wurin Malam Barma, wani tsoho da ya daɗe yana fatauci tsakanin Kano da Maiduguri har harshen ya zauna masa a baki. Teburinsa ƙafa uku gare shi, ta huɗun bulo ce. Kayan aikinsa ƙamus biyu da suka sha hannu har bangonsu ya fita, da mashin ɗin buga rubutu, da fensir da yake feƙewa da reza. 'Yan kasuwa ke zuwa masa da duk takardar da ta biyo kaya daga Najeriya: ta magani, ta injin niƙa, ta duwan wato kwastan, ta takin zamani.

Aikin da ya fara ba ni takardar maganin tsutsar awaki ce. Na zauna na bi ta kalma-kalma da ƙamus, na rubuta da kyau, na miƙa masa ina jiran yabo. Ko kallonta bai yi ba. Ya nuna mini wata tsohuwa mai fura a gindin bango ya ce in je in karanta mata. Na je na karanta, tana dama fura tana saurare. Da na gama ta ce, "To ɗan nan, ɗura wa akuyar za a yi ko shafa mata?" Na duba takardata sama da ƙasa, wallahi ni ma ban sani ba. Na koma wurin Malam Barma, ya ce, "Ka kwashe kaya daga wannan buhu ka zuba a wancan, ba ka buɗe ka ga mene ne ba. Koma ka nemo wanda ya yi abu, da abin da ya yi, da wanda aka yi wa. In mai fura ba ta iya maimaita maka ba, aiki bai ƙare ba." A kan wannan dokar na yi sana'ata har furfura ta cim mini.

Da Malam Barma ya rasu na gaji ƙamus ɗinsa, na kama ɗan shago a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram. Mai fura ta riga shi tafiya, sai na nemi wani kunnen da zan riƙa gwada aikina. Allah ya haɗa ni da maƙwabcin shagona, Habu Baduku. Shi ya ɗinke mini ƙamus ɗin nan da jar fatar akuya, ga su can har yau ko zare bai tsinke ba. Kai, ban taɓa ganin mai gardama irin Habu ba! In ka ce rana ta fito, sai ya ce wace ranar. In na karanta masa jimla, yana huda fata da basilla ko ɗaga kai ba ya yi, sai ya ce, "Ƙarya ne, Mutari, ba Bahaushen da ke magana haka." In gyara, ya ce ta farkon ta fi. Mu yi ta yi har a kira la'asar. Amma duk takardar da ta tsallake bakin Habu, ko a gaban alƙali ba na jin tsoron karanta ta.

Babbar gardamarsa a kan jimar fata take. Matarsa, Hajiya Gambo, uwarta Bakanuwa ce, to tun tana amarya in tana son ta tayar masa da hankali sai ta ce fatar Kano ta fi ta Damagaram laushi. Shi ke nan, an taɓo shi. Zai bar tuwo ya huce, ya ɗauko fata ya murza mata a hanci, ya rantse, ya kira maƙwabta shaida. Na taɓa ganin ya tashi daga wurin ɗaurin aure ya bar goronsa saboda wani baƙo ya faɗi haka. Duk Birni an san shi da wannan, yara ma kan tsokane shi su ruga.

Zamani ya juya, 'yan kasuwa suka ragu, sai masu proje, wato ƙungiyoyin ayyukan raya ƙasa, da 'yan iniversite suka zama abokan cinikina. Nan na haɗu da Ingilishin masana. Ku da kuke ganin Ingilishi ɗaya ne, ba ku sani ba. Na takardar magani yana son ka gane, don kar ka kashe akuyarka. Na masana kuwa kamar gidan da aka share tas aka kwashe mutanen ciki. Jimla za ta yi layi shida ba ka ga mutum ko ɗaya ba: an lura, an auna, ana iya hasashe, akwai yiwuwar alaƙa. Wa ya lura? Wa aka cuta? Sai ka tona. Wani lokacin in yini a kan sakin layi guda, kaina na sarawa, kafin in gano ashe abin da ake nufi shi ne talaka ba ya samun taki da wuri.

Habu ya rasu da damina, ciwon kwana kaɗan. Ni na shiga kabari na karɓe shi, da hannuna na jera itace a kansa. Ku riƙe wannan, don za mu dawo gare shi. Da aka zo rabon gado aka sayar da 'yan kayansa kamar yadda shari'a ta ce, har da salularsa, wadda 'yarsa Rabi ta saya masa ta buɗe masa shafi a dandalin sada zumunta don ya riƙa tallan jakunkuna. Wani dillalin wayoyi a kasuwa ya saya. Ba wanda ya yi tunanin a goge abin da ke ciki, mutane na cikin kuka wa ke ta wannan.

Da bazarar da ta biyo baya, ana zafin nan da ke sa kwalta ta yi laushi, wani ɗan jarida mai suna Laminu ya shigo shagona da fotokopi mai kauri. Yana aiki a wata rediyo mai zaman kanta, yana son ya yi shiri da Hausa. Ya ce masanan wata ƙasa mai nisa ne suka rubuta, a kan mutanen da gwamnatoci ke ajiyewa su riƙa rubuta tsokaci a dandalin sada zumunta kamar su talakawa ne. Ya ce, "Baba Mutari, na ɗora wa salula ta ba ni abin da ban gane kansa ba. Wai ciyawar roba, wai 'yar tsanar safa. Ko dai takardar wasan yara aka ba ni?"

Salular ba ta yi ƙarya ba, haka kalmomin suke. Sai da na bi takardar gaba da baya kafin in ga mutanen da ke ɓoye a ciki. Ciyawar roba ita ce irin wadda ake shimfiɗawa a filin ƙwallo, kore shar daga nesa amma ba ta da saiwa. Haka suke kiran taron jama'ar da ba jama'a ba, wanda aka shimfiɗa daga ofis. 'Yar tsanar kuwa safa ce da ake zura hannu a ciki, a motsa bakinta, mai kallo ya ɗauka ita ke magana. Wato suna da fuska na wani, hannu na wani. Na rubuta wannan na ajiye fensir, na waiwaya shagon Habu don in karanta masa, na ga ƙofa a garƙame. Haka na karanta wa bango.

Abin da ya fi ba ni mamaki yana tsakiyar takardar, cikin wata jimla da ta kusa cinye rabin shafi. Ni na ɗauka waɗannan mutane zagi ne aikinsu, su far wa duk wanda ya soki gwamnati. Ashe ba haka ba. Masanan suka ce galibinsu ba sa gardama ko kaɗan, don gardama tana raya magana. In wani ya taso da abin da ke ciwo, sai su zo tare kamar an buɗe musu ƙofa, da yabo, da gaisuwa, da zance mai daɗi a kan wani abu daban, har maganar ta nutse ƙasa ba mai ganinta. Kuma sun fi son tsohon shafi mai fuskar mutum na gaske da abokai na gaske, don shi ake yarda da shi. Na fassara wannan ina cewa a raina, Allah mun gode, abin can ƙasashen nesa ne.

Yanzu ga Rabi. Ita ce majo, wato shugabar ma'aikatan jinya, a wani ɗan asibitin ƙauye a bayan Durum, yarinya mai hankali, ba ta da hayaniya. A ƙauyen an haƙa sabon foraj, wato rijiyar burtsatse mai famfo, manya sun zo da motoci an yanka ƙyalle an ɗauki foto. Ba a daɗe ba yara suka fara zuwa mata da gudawa da amai, kuma duk daga gidajen da ke ɗibar ruwan famfon nan. Ta rubuta wa na sama da ita, shiru. Ta sake, shiru. Ga ƙananan ƙauyuka da rugage kewaye suna turo amalanke suna ɗiba, ita kuma ba ta da ƙafar da za ta bi su duka. Sai ta shiga shafin 'yan yankin, inda 'yan'uwansu na birni ke taruwa, ta sa foton ruwan a kwalba, ta roƙi kowa ya buga wa danginsa su koma tsohuwar rijiya su riƙa tafasawa kafin a bincika.

Ranar Juma'a ce, mun sauko daga masallaci, ina zaune a shago da takardar Laminu a gabana. Na ga saƙon Rabi da idona, don ni ma ina cikin shafin. Mutum biyu-uku suka tambaya wane ƙauye ne. Sai kawai abin ya ɓarke. Wannan ya sa foton fure da barka da Juma'a. Wancan ya sa foton ranar yanka ƙyalle yana godiya da ni'imar ruwa. Sai addu'o'i, doguwa bayan doguwa, kowace ta ƙare da cewa duk wanda ya gani ya ce amin. To ku gaya mini, wane ɗan Damagaram ne zai ga addu'a ranar Juma'a ya wuce ta? Masanan can ba su san wannan ba, babu shi a takardarsu. Ba sai an ɗauki mutane da yawa aiki a nan ba. Kaɗan sun isa su ja baki, sauran aikin mu za mu yi musu kyauta. Amin bisa amin, har waɗanda suka tambayi sunan ƙauyen. Kafin la'asar sai ka ja yatsa ka gaji ba ka kai ga kwalbar Rabi ba.

Ina cikin ja sai na ga Habu.

Fuskarsa ce, da farar hularsa, a ƙofar shagonsa. Ni na ɗauki foton nan. Ga ɗan koren ɗigon da ke nuna mutum yana kan layi, yana kunne a gefen kunnensa. A ƙarƙashin saƙon 'yarsa ya rubuta: "Uwata, ki yi haƙuri ki bar maganar nan. Mu gode wa Allah da ya ba mu ruwa, mu yi wa shugabanni addu'a. A ce amin." Uwata. Sunan mahaifiyarsa Rabi ta ci, shi ya sa ba ya kiran sunanta, kuma duk duniya shi kaɗai ke ce mata haka. Rana tsaka, ga masu kabu-kabu na wucewa, ga mai ƙanƙara na talla. Na san an sayar da wayar. Ga bayanin abin a rubuce da hannuna a kan tebur. Duk da haka sai da na leƙa na duba ƙofar shagonsa, na ji tsoro ƙwarai.

Washegari Rabi ta iso gari, ta sauka daga mota ta zo wurina kai tsaye, idonta jawur. Ta ce, "Baba Mutari, ka gani?" Na ce na gani. Ta ce matan unguwa sun riga sun kai wa uwarta, sun karanta mata, an taru a tsakar gida ana salati. "Inna ta ce babana ya yi magana daga inda yake. Ta ce in goge abin da na sa, in rufe bakina a kan ruwan nan, in ba haka ba ba ta yafe mini ba duniya da lahira." Na ce, "Ke fa, me kika gani?" Ta ce, "Na san matacce ba ya rubutu, Baba. Amma da na ga Uwata, wayar faɗuwa ta yi daga hannuna. Kuma ko na sani, ya zan yi da bakin uwa? Na baro yara kwance, gobe amalanke za su sake zuwa ɗiba. Ka zo ka yi mata magana, kai take jin nauyi."

Na naɗe takarduna muka bi lungunan Birni, yashi na ƙona ƙafa ta cikin takalmi. A zauren gidan kayan aikin Habu na nan rataye, basilla da wuƙa da guntayen fata, warin jima bai bar wurin ba. Hajiya Gambo na zaune a kan tabarma a inuwar ɗaki da carbi. Muka gaisa, ta ce, "Malam Mutari, ka ji abokinka bai manta da mu ba." Ta faɗa da fara'a, fuskarta ta yi haske yadda ban gani ba tun rasuwar. Wannan fara'ar ta fi komai yi mini nauyi.

Na buɗe takarda na fara karanta mata fassarata. Ban yi nisa ba ta ɗaga hannu. "Malam Mutari, da wa kake? Ni ban yi lakol ba." Ga mai fura ta dawo mini bayan shekaru. Na ninke takardar na sa a aljihu. Na ɗauki wata tsohuwar jakar fata da ke gefe, na zura hannuna a ciki, na motsa bakinta. Na ce, "Hajiya, jakar nan aikin wa ce?" Ta ce na mai gidan ne. Na ce, "Hannun da ke ciki fa?" Ta ce, "Naka ne." Na ce to haka ake yi. Akwai mutanen da aka ɗauka aiki, suna sayen wayoyin mutane da sunayensu, su zura hannu, su yi magana da fuskar da aka sani.

Ta ce, "To wa ya gaya wa mai hannun sunan da yake kiran yarinyar nan?"

Na ce duk saƙon da ya taɓa aika wa Rabi yana cikin wayar, mai karatu zai gani.

Ta girgiza kai. "Ku masu boko komai kuna da amsarsa. Sau nawa yana zo mini a mafarki? Wanda ya ba shi ikon zuwa a mafarki zai kasa ba shi ikon zuwa a waya? Kuma me ya faɗa na sharri? Haƙuri ya ce, addu'a ya ce. Shaiɗan na sa mutum addu'a ne?"

Rabi ta sunkuyar da kai, na ga ta fito da salularta ta riƙe, yatsanta na kusa da inda ake gogewa. Don kar a yi shiru na ci gaba da zuba abin da na tuna daga takardar, ba don ina ganin zai yi amfani ba. Na ce ai haka aikinsu yake, ba sa zagi, ba sa musu da kowa, an hana su gardama, duk abin da ka faɗa sai su bi ka da daɗin baki su kawar da zancen.

Carbin ya tsaya a hannunta. Ta ce, "Maimaita."

Na maimaita.

"Ba sa gardama?"

"Ba sa yi, Hajiya."

"Ko an tsokane su?"

"Haka masu binciken suka ce."

Ta juya ta kalli zaure. Can ta ce, "Rabi, rubuta masa. A gaban kowa, inda ya yi maganar. Ki ce Inna na gaishe shi. Ki ce Inna ta ce fatar Kano ta fi ta Damagaram laushi, kuma dukawan Birni duk 'yan koyo ne." Rabi ta dube ni, na gyaɗa mata kai. Ta rubuta, ta aika, ta ajiye wayar a tsakiyar tabarma, mu uku muka zuba mata ido.

Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Inuwar bango ta matso har ta rufe ƙafafuna. Kaza ta zo ta leƙa wayar ta wuce. Sai koren ɗigon ya kunnu a gefen fuskar Habu. Hajiya ta ce, "Mene ne?" Rabi ta ce, "Ya hau layi." Sai ga 'yan ɗigon nan uku da ke rawa in mutum na rubutu. Su tsaya, su sake tashi. Wallahi a lokacin ni kaina addu'a nake a zuci ya zage mu, ya ce ƙarya ne, ya kira maƙwabta shaida. Hajiya ta matso har goshinta ya kusa taɓa gilashin, ita da ba ta iya karatu ba.

Saƙo ya shigo. Rabi ta kasa karantawa, ta miƙo mini. Na karanta kamar yadda yake: "Masha Allah, haka ne. Allah ya ƙara mana zaman lafiya da shugabanni nagari. A ce amin."

Hajiya ta ce, "Me ya ce a farko?"

Na ce, "Ya ce haka ne."

Ta koma da baya ta jingina da bango. Ta ce, "Tun ina amarya nake jiran mutumin nan ya ce mini haka ne." Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ba shi ba ne. Wayyo Allah, ashe maigidana ya mutu." Ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ranar da muka fita da shi, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ni na kawo mata wannan, da fassarata, kuma da za a sake da na sake kawowa, amma ban ji daɗinsa ba ko kaɗan. Da ta lafa ta share ido ta ce, "Rabi, me kike jira? Tashi ki nemi mota. Ki je ki hana su shan ruwan nan ko da za ki kwanta a bakin famfon ne. Na yafe miki, ni ce ma zan nemi ki yafe mini."

Rabi ba ta sake bi ta shafin ba. Ta koma ta bi limamai da masu gari da ƙafarta, ran kasuwar Durum aka sa mai shela ya zaga. Amalanke suka daina zuwa, yaran da ke kwance suka tashi. Bayan wani lokaci aka wayi gari an ɗaure famfon da sarƙa, ba wanda ya ce ga wanda ya ɗaure ko don me. Ita kuma kafin kaka takardar afektasiyo, ta canjin wurin aiki, ta same ta, aka tura ta can arewa inda mota ke zuwa sau ɗaya a mako. A takardar har da yabon ƙwazonta.

Na kammala aikin Laminu na ba shi. Ya karanta ya ce tsaf, mai fura ma za ta gane. Shugabansa ya ce a ɗan dakata, ana dakatawa har yau. Ni kuma shekarar nan ita ce mafi muni a sana'ata. Masu proje da 'yan ofis da suka saba kawo mini aiki suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya zo shago ya yi mini kashedi. Gaisuwa ce ma ta ƙaru. Mutanen da ban sani ba su tsayar da moto su tambayi lafiyar iyali, su yi mini addu'a, su wuce. Takardar ta ce masu wannan aiki ba wasu dodanni ba ne, ma'aikata ne irin na kowane ofis, masu yara a lakol. Har yau ban san wanda ke riƙe da wayar Habu ba. Mai yiwuwa mun sha haɗa sahu a masallaci.

Rabi ta yi ta kai ƙara a rufe shafin ubanta, ba a rufe ba. Yana nan. 'Ya'yana sun ce in toshe shi in huta, na ƙi, don na gano yana da amfani. Duk Juma'a yana gaishe da jama'a, wannan ba komai ba ne, cin abincinsa yake. Amma ranar da ka ga Habu ya fito da addu'a a tsakiyar mako, to wani ya faɗi wata magana a garin nan da ake so ta nutse. Ban taɓa ganin ya saɓa ba.

Kun ji aljihuna ya yi ƙara ɗazu da kuna zuba shayi? Bari in sa tabarau. To ga shi, da farar hularsa, a shafin 'yan Birni. Ku saurara: "Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya haskaka kabarinsu, ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu."

Ka ji bakinka, mai jar hula? Ka ce amin. Ba ka ma san ka faɗa ba, kuma duk kun faɗa tare da shi.

Yau Talata. Karɓi wayar, idonka ya fi nawa. Ja sama, wuce furannin nan, wuce amin-amin ɗin, ci gaba da ja. Akwai wata mata da ta yi rubutu da safe, ka nemo ta ka karanta mana abin da ta ce.